"Ai ni na yi nawa": shin alheri ɗaya yana ba mutum izinin ɓarna?

Uwar Biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Talata, kuma na san in na faɗa a gida dariya za a yi mini, shi ya sa na kawo muku.

Kusan shekara 2 ke nan da na ɗauki maganar kula da muhalli da zafi. Na daina karɓar leda, jakunkunan yadi guda 4 ne a bayan motata. Na sayi gorar ƙarfe, ruwan roba sai dole. A wurin aiki ni na matsa lamba har aka ajiye kwando daban na tara takardu don a sake sarrafa su, har abokan aiki suka laƙaba mini "Hajiya Muhalli". A fili ina cewa su bari, a raina kuwa kamar an ba ni sarauta. Ƙanena ya sha faɗa a hannuna. Akwai ranar da na sa ya tsayar da mota ya koma da ƙafa ya ɗauko ledar da ya cillar ta taga, ga abokinsa zaune a baya yana kallo.

To ranar Talata na je ɗauko ƙaramar 'yata daga makaranta, babbar tana tare da ni. Muka tarar ba a tashe su ba. Rana ta take, sai na bar motar tana silo, na'urar sanyi tana busawa, ni kuma ina ta latse-latsen waya. Da na ɗaga kai na duba agogo, mun yi minti 40. Sai babbar, shekararta 11, ta ce, "Mama, hayaƙin da ke fita ta baya, shi ba ya cikin abubuwan da kike hana mu?" Babu rashin kunya a muryarta, sani take nema.

Kafin in buɗe baki amsa ta riga ta iso mini a zuci: ai ni na yi nawa. Wallahi haka ta zo, cikin natsuwa, kamar mai ajiya a banki da ta zo cirar 'yan kaɗan daga abin da ta tara. Wannan natsuwar ita ta tsorata ni fiye da hayaƙin. Da daddare na kwanta ina bin sawun abin, sai na ga ashe ya daɗe tare da ni. Na fi daɗewa a wanka da ruwan zafi yanzu fiye da da. Sayayyar tufafi ta ƙaru, amma da yake a jakar yadi nake zubo su, fitowa nake daga shago ina jin kaina mai tsafta.

Tambayata kashi biyu ce. Munafunci ne wannan, ko kuwa haka zuciyar kowa take? Sannan in dai ƙananan ayyukan nan su ke ba ni ƙwarin gwiwar yin ɓarnar da ta fi su girma, anya ba gara in bar su ba?

Ɗalibin Halayya

Wa'alaikumus salam Anti. Kwantar da hankalinki, kina da abokan tafiya da yawa, kuma masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da raɗa wa abin suna. In an maido shi Hausa zai zama kamar "lasisin ɗabi'a": mutum ya yi abin kirki, sai ya ji an sahale masa ya saki jiki a mataki na gaba.

Benoît Monin da Dale Miller suka fara fito da shi fili a 2001, kuma a kan wariya suka yi nasu aikin. Sun fara ba wasu maza dama su ƙi amincewa da maganganun da ke raina mata ƙarara. Daga baya aka tambaye su wa ya fi dacewa da wani aiki da aka saba ba maza. Waɗanda suka riga suka wanke kansu sun fi sauran saurin cewa a ɗauki namiji. Tunda sun nuna su ba masu raina mata ba ne, sai tsoron zargi ya fita daga ransu.

Wanda ya fi kusa da batunki shi ne na Nina Mazar da Chen-Bo Zhong a Jami'ar Toronto, 2010. Sun haɗa shagunan intanet iri biyu, ɗaya cike da kayan da ba sa cutar da muhalli, ɗayan na yau da kullum. Ɗaliban da aka nuna wa kayan kirkin kawai, ba su saya ba, sun ƙara kyauta da aka ba su kuɗi su raba da wani. Amma waɗanda suka saya sun ƙara rowa, kuma a wani wasa da ake iya yin ƙarya a samu ƙarin kuɗi, sun fi yin ƙaryar, har suka riƙa ɗiban fiye da haƙƙinsu daga ambulan. Gani ya tuna musu da kirki, saye kuma ya sa suka ji sun biya.

Akwai kuma wanda aka yi a gidajen mutane na gaske. Verena Tiefenbeck da abokan aikinta suka buga shi a 2013: gidaje 154 a wani rukunin benaye kusa da Boston a Amurka. Wasu gidajen ana kai musu takarda duk mako a nuna musu ruwan da suka kashe, a ƙarfafa su su rage. Suka rage kuwa, da kashi 6 cikin 100. Sai dai wutar lantarkin da suke sha ta hau da kashi 5.6, alhali ba wanda ya ce musu uffan kan wuta.

Kuma Anti, ki yi haƙuri, har kwandonki na ofis bai tsira ba. A wani binciken na 2013, Jesse Catlin da Yitong Wang sun ce wa mutane su gwada almakashi ta hanyar yanka takarda. Waɗanda aka ajiye wa kwandon sake sarrafawa a gefe sun yanka takarda fiye da waɗanda kwandon shara kawai suke gani. Tunda za a sake sarrafawa, me zai hana in ƙara ɗaya?

Ni dai ba zan kira shi munafunci ba. Munafuki ya san abin da yake ɓoyewa. Ke sai da 'yarki ta tambaya kika gani.

Injiniya Mai Musu

Ɗalibi, ka kawo rabin labari ka bar rabi a aljihu.

A 2015 Irene Blanken da abokan aikinta a Holan sun tattara gwaje-gwaje 91 a kan wannan lasisin, mutane sama da 7,000. Sun ce abin yana nan, amma ƙarfinsa tsakanin kaɗan ne da matsakaici, kuma gwaje-gwajen da aka buga a mujallu sun fi nuna shi da ƙarfi a kan waɗanda ba a buga ba. Kowa ya san dalili: sakamako mai ban mamaki ake rububin bugawa, wanda bai gano komai ba kwana yake a durowa. Shi kansa gwajin Toronto da kake ji da shi, Jan Urban da abokansa a Jamhuriyar Cek sun maimaita shi har sau 3, suka buga a 2019 cewa ba su ga masu sayen kayan kirki sun fi kowa ha'inci ba. Saboda haka kada mu mai da shi kamar aya.

Hajiya, ni a ganina matsalarki ta lissafi ce kafin ta zama ta zuciya. Kin ce kamar banki, to bari mu duba littafin ajiyar. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da iskar kabon kilo 2.3 ko kusa da haka. Mota madaidaiciya tana silo da na'urar sanyi a kunne za ta iya shan wajen lita ɗaya a awa, ya danganta da girman inji. Minti 40 ɗinki ke nan sun haura kilo ɗaya. Leda guda kuwa, daga ƙera ta zuwa zubar da ita, 'yan giram ne. Zama ɗaya a ƙofar makaranta ya cinye ledoji gwammai da kika ƙi karɓa. Jakar yadin ma ba kyauta ta zo ba. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da rahoto a 2011 cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi leda sauƙi ta fuskar ɗumamar yanayi, saboda abin da noman auduga da saƙa suke ci. Ke kuma guda 4 gare ki.

In kina son ganin girman abubuwa gefe da gefe, Seth Wynes da Kimberly Nicholas sun jera su a 2017, da alƙaluman ƙasashe masu arziki. Ware shara don a sake sarrafa ta yana rage iskar kabon wajen tan 0.2 a shekara. Canza ƙwayayen wuta, tan 0.1. Fasa tafiya ɗaya a jirgin sama zuwa da dawowa a kan tekun Atilantika, tan 1.6. Rayuwa babu mota, tan 2.4. Zuciya ba ta san wannan ma'aunin ba. A wurinta aikin kirki ɗaya ne, aikin banza ɗaya ne, sai ta soke wannan da wancan ta ce an yi canjaras.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ya wuce gidan mutum ɗaya. Seth Werfel ya yi bincike a Japan, aka buga a 2017: mutanen da aka sa suka fara lissafo irin tsimin wutar da suka yi a gida sun rage goyon bayan ƙarin haraji a kan hayaƙin kabon. Ga "na yi nawa" nan ta kai ga manufar gwamnati. Kada kuma a manta, kamfanin mai na BP yana cikin waɗanda suka fi yayata maganar kowa ya auna nasa sawun kabon, wato yawan iskar kabon da ayyukansa ke fitarwa, a tallace-tallacensa na tsakiyar shekarun 2000. Ni dai duk wanda ya ce in zuba wa ledata ido, sai na waiga na ga abin da yake yi a bayana.

Tsohon Malami

'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni ban karanta turawan da yaran nan suke ambata ba, amma na yi shekara 30 da 'yan kai ina koyarwa, bari in ba ki abin da idona ya gani.

Wata shekara muka yi ranar dashen itatuwa a makarantar da nake. Manya suka zo, kowa aka miƙa masa dashe da shebur, aka ɗauki hoto, aka yi tafi. Ni ma na dasa nawa, har na sa aka rubuta sunana a wani ɗan allo aka kafa a gindinsa. Bayan nan ban ƙara bi ta wurin ba. In na tuna sai in ji wani sanyi a raina, in ce ai ina da itace. Da rani ya tsananta duk suka bushe sai guda 3 da ke kusa da ɗakin maigadi. Shi ba a ba shi shebur ba ranar, ba ya cikin hoton. Kullum in ya gama wanke-wankensa sai ya juye musu ragowar ruwan. Na tambaye shi wa ya sa shi, ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, "Malam, abu mai rai yana gabana yana jin ƙishi?" Nawa kuwa allon ne kawai ya rage, yana tsaye a kan busasshen kara da sunana ɓaro-ɓaro.

Aiki ɗaya muka yi da shi a ido, amma ba daga rijiya ɗaya muka ɗebo ba. Ni lada da suna na je karɓa, da na karɓa sai ciniki ya ƙare. Shi ba ya ƙirgawa, don a wurinsa ba wani abu ya yi ba. Wanda bai ƙirga ba kuwa ba shi da abin da zai ciro gobe ya ce ga nawa.

Malamanmu sun san wannan ciwon tun kafin a gina jami'o'i, suna ce masa ujubu, mutum ya riƙa kallon aikinsa yana burge kansa. Gaskiya ne an ce kyawawan ayyuka suna shafe munana, amma wannan ga wanda ya riga ya faɗi ne yana nadama. Ban taɓa jin malamin da ya ce a tara lada yau don a kashe ta a kan saɓon jibi ba. Kuma hanin da aka yi mana kan almubazzaranci bai ware leda ya bar fetur ba.

Game da tambayarki ta biyu, kul, kada ki bar jakunkunanki. In riga ta yi datti wanki ake yi mata. Shawarata ɗaya ce, ki nemi wani aikin da ba wanda zai gani, wanda kuma zai ɗan ciza ki, ki riƙe shi shiru. Sannan ki kira ƙanenki. Kunyar da kika ba shi a gaban abokinsa ta fi ledar nauyi.

Uwar Biyu

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar allon nan ta same ni inda ba na so. Na zauna na jera abubuwan da nake yi, sai na ga kusan dukkansu a bainar jama'a suke: gora a kan tebur, jaka a hannu, kwando a ofis. Waɗanda nake sakaci da su kuwa duk a ɓoye suke, banɗaki, cikin mota gilas a rufe, durowar kaya. Ban taɓa lura ba sai yau. Zancen ƙanena kuma, na ji, zan kira shi, sai dai ku ba ni kwana biyu in haɗiye girman kai.

Injiniya, na karɓi lissafinka amma ban karɓi duka ba. Ka auna leda da iskar kabon kawai, alhali ni ba don ɗumamar yanayi na fara ƙin ta ba. Na fara ne ranar da na ga magudanar ruwa ta toshe da ita har ruwa ya shiga gidajen mutane, kuma kowa ya san yadda take taruwa a cikin dabbar da ta haɗiye ta. Wannan ba ya cikin kilo ɗinka. Sannan in an ce gwajin Toronto bai maimaitu ba, to ni nawa ya maimaitu, a cikin motata, da kunnena na ji muryar. Ko masana sun yarda ko ba su yarda ba, na san abin da zuciyata ta faɗa.

Abin da har yanzu ban gane ba shi ne, me ya sa wani in ya fara da ƙaramin abu sai ya ja shi zuwa babba, wani kuma ƙaramin ya zama masa wurin hutawa? Ina da abokiyar aiki da ta fara da gora kamar ni, yanzu ita da maƙwabciyarta mota ɗaya suke shiga zuwa aiki, kuma ban taɓa jin ta yi wa kowa wa'azi ba.

Ɗalibin Halayya

Injiniya ya yi gaskiya kan maimaita gwaji, na amsa laifina. Anti, tambayarki ta ƙarshe ita ce inda masu bincike suka fi dagewa yanzu, kuma abin mamaki amsarsu ta yi kusa da ta Baba.

Linda Steg ta Jami'ar Groningen da abokan aikinta sun kasa abin da mutane suke ɗauka da daraja gida-gida: akwai mai duba amfanin kansa da matsayinsa, akwai mai duba jin daɗinsa, akwai mai duba sauran mutane, akwai mai duba halittu da ƙasar kanta. Kowa yana da duka, ƙarfinsu ne ya bambanta. Na biyun ƙarshe su suka fi riƙe mutum a kan hanya in abin ya fara tsada ko wahala. Su ɗin dai sun nuna cewa in aka tuna wa mutum ayyukansa na baya har ya ji "ni mai kula da muhalli ne", yakan ƙara himma. Wato aiki ɗaya zai iya zama shaida a kan ko kai wane ne, ya kuma iya zama rasit. Shaida tana neman a ci gaba, rasit kuwa in an karɓa an rufe ciniki.

Maganar Baba ta aikin da zai ciza ma an gwada ta. Ayelet Gneezy da abokan aikinta, 2012: wasu an cire sadaka daga kuɗin da za a biya su, wasu kuma an ce musu an bayar da sunansu ba tare da an taɓa nasu ba. Waɗanda abin ya taɓa aljihunsu sun fi faɗin gaskiya a wasan da ya biyo baya. Waɗanda suka samu ladan a ɓagas su suka fi yin ƙarya.

Uwar Biyu

To na ji. Gobe ma ni ce da ɗauko yara. Injiniya, tunda kai ne mai lissafi: wani makanike ya taɓa ce mini kashe mota da sake tayar da ita ya fi barinta tana silo shan mai, kuma yana kashe kik. Gaskiya ne, ko shi ma wani lasisin ne na riƙe?

Injiniya Mai Musu

Zancen motocin da ne masu kafireto, Hajiya. A motar zamani mai injekta, in tsayuwar ta wuce kamar daƙiƙa 10, man da silo ke sha ya fi na sake tayarwa. Kik da batir kuma ba kashewa sau ɗaya ko biyu a ƙofar makaranta ne zai gajiyar da su ba. Abin da zai gajiya ke ce, don na'urar sanyi ba ta aiki in inji a kashe yake. Ki je da wuri ki samu inuwa, ki sauke gilas, ki tafi da gorar nan taki cike da ruwa. Maganar magudanar ruwa kuma na ba ki gaskiya, kilo bai auna ta ba.